Tukunyar Tace Ruwa da Ka Ɗaure da Hannunka

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara duka. Allah Ya sa albarka a nema, Ya raba ka da ciwon bayan nan da ka ce yana taso maka in ka daɗe a tsaye. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta daidai gwargwado, gwiwa ce dai ke damunta in za ta tashi, amma bakin nan garau yake, ba wanda ya tsira. Baban yara yana fama da shago. Ni kuma ina kan kekena, ɗinki yana zuwa, ido ne kawai ya fara yi mini gardama wajen zira zare a allura, har na miƙa wuya na sa gilashi. Auta ta gama jarrabawa, tana zaune tana cinye mana abinci tana jiran sakamako.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wajena alhali muna waya. Dalili shi ne duk lokacin da ka kira, Inna na gefena, kunnenta manne da nawa, kafin in gama amsa gaisuwa ta fizge wayar. Maganar da zan yi maka kuwa ba ta gaban Inna ba ce, kuma tana da tsawo, saboda haka ka samu wuri ka zauna. Tun muna yara kake ce mini Sarkin Tambaya. To halin bai bar ni ba, kuma wannan karon tambayar ta kai ni inda ban zata ba.

Maganar ta faro ne daga takwaranka, ɗan babbar 'yata, wadda ka laƙaba wa Shiru. Ba ka taɓa ganinsa ba sai a hoto. Yanzu yana tafiya da ƙafarsa, har da gudu, ya fara haɗa kalmomi, kuma duk gidan Ƙaramin Yaya muke ce masa. Kowane ƙarshen mako Shiru takan kawo shi ya wuni, wani lokaci ya kwana. Ranar nan Inna ba ta san ciwon gwiwa ba. Ita ke ba shi abinci, ita ke ba shi ruwa a wani ɗan kofi mai hannu biyu da ta ajiye masa a ɗakinta, wanda in wani ya taɓa sai an ji kansu. Sai dai in ya koma gida ba a jimawa sai ciki ya ɓaci, zawo da amai. Da farko muka ce haƙori ne. Haƙora suka gama fitowa, abin bai daina ba. Na ƙarshen nan sai da aka kwantar da shi a asibiti aka yi masa ƙarin ruwa. Na je na same shi idanu sun faɗa, ko kukan kirki ba ya iya yi. Yaya, na ji tsoro ranar, tsoro na gaske.

Bayan an sallame su, mijin Shiru ya zo har gida. Mai gyaran wutar lantarki ne, mutum mai kunya da ladabi, ba ya ko haɗa ido da ni. Ya gaishe ni, ya yi ta kame-kame, sannan ya ce ya lura yaron ba ya wannan ciwon sai in ya dawo daga wajenmu, kuma likita ya tambaye su irin ruwan da yake sha. Ya ce don Allah in yi haƙuri, ba raini ba ne, amma ba zai sake barin a kawo shi ba sai an gano dalili. Raina ya ɓaci ƙwarai. Gidan da ake shara safe da yamma, gidan da Inna ke bin mutum da harara in ya taɓa murfin tukunya bai wanke hannu ba, shi ne yau ake cewa yana sa yaro ciwo? Na wuni ina taka keke da fushi har na ɗinke hannun riga a baibai. Abin da ya fi damuna Inna ce. Su Shiru can saman bene suke, gwiwarta ba za ta kai ta ba, wato in ba a kawo yaron ba, ba za ta gan shi ba ke nan. Na ce mata mura yake yi. Da makonni suka tura ta dube ni ta ce wannan murar akwai naci. Duk ƙarshen mako sai ta wanke ɗan kofin ta kife, ta ja kujerarta inda take hango ƙofa.

To, akwai wata baiwar Allah da ta kama hayar ɗakin nan na waje, wanda kake sauka a da. Malama muke ce mata. A ɗakin gwajin ruwa take aiki, su ne masu zagaya garuruwan jihar nan suna ɗibar ruwan da mutane ke sha suna dubawa. Takan fita da sassafe da kula cike da ƙanƙara da ƙananan kwalabe, ta dawo da yamma takalmi duk laka. Kwalaben suna karo da juna a mota har wasu su fashe, sai ta kawo mini yadi mai kauri na ɗinka mata jaka mai aljihu-aljihu, kowace kwalba da ɗakinta. Ai kuwa ta jawo wa kanta. Ina awo ina tambaya. Me ya sa sai da ƙanƙara? Me ya sa ba za ta ɗiba a kowace irin roba ba? Me ya sa take babbake bakin famfo da wuta kafin ta tara? Ta ce ƙanƙarar don kada abin da ke cikin ruwan ya ƙaru ko ya ragu a hanya, kwalaben kuma an dafa su an rufe, ko yatsa bai kamata ya taɓa cikin murfin ba, in ba haka ba dattin hannunta za ta gwada, ba na ruwan ba. Da ta ga ba ni da niyyar yin shiru, sai ta ce in shirya wata rana ta kai ni in gani da idona, ko ta samu ta huta.

Na je, Yaya, har da sabon mayafi. Ɗaki ne mai sanyi, ba wani girma, da dogon tebur na tayil, ga famfo a ƙarshensa, ga wasu akwatunan ƙarfe masu ƙofa kamar ƙaramin firji, sai dai su ɗumi suke yi. Aka ba ni farar riga na ɗora, wadda ɗinkinta bai yi mini ba sam, amma na ja bakina. Ta nuna mini yadda ake zuba ruwa a wani mazurari, a ƙasansa akwai 'yar farar takarda zagayayya mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwan ya wuce, ƙwayoyin cuta su maƙale a kan takardar. Sai a ɗauke ta da hantsaki a shimfiɗa a wani ɗan faranti mai murfi da aka zuba wa abincin da ƙwayoyin ke so, a sa a akwatin ɗumi su kwana. Washegari kowace ƙwaya ta hayayyafa ta zama ɗigo, sai a ƙirga. Na ce wato kiwonsu suke yi. Ta ce ƙwarai, sai an ciyar da su sun yi yawa sannan suke yarda a gan su. Abin ya ba ni dariya, ya kuma ɗaure mini kai, a ce akwai mutanen da aikinsu ke nan kullum, mu muna gida muna kwankwaɗar ruwa ba mu sani ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwalaben da ke jere a kan kanta, kowace daga garinta. Na ɗauko wata mai ruwa ja-ja, har ya yi wa gindin kwalbar tsatsa, na ce wannan ko akuya ba zan ba ba. Ta ce daga wani gari ne mai rijiyar burtsatse, ƙarfe ne ya yi wa ruwan yawa, yana ɓata farin kaya, ba shi da daɗi a baki, amma farantinsa ya fito fes, ba ɗigo ko ɗaya. Matan garin sun guje shi saboda launi, sun koma ɗibar na rafi, wanda a ido ya fi kyau, kuma shi ne ke kwantar musu da yara. Sai ta miƙo mini wata mai ruwa garai-garai, ta ce in faɗi ra'ayina. Na ce wannan kam a ba ni in sha. Ta buɗe farantinsa, ɗigo ya rufe takardar har sun haɗe. Na famfo ne, daga wata unguwa a babban birni. A inda ake tace shi lafiyarsa ƙalau yake fitowa, amma bututun ya tsufa, ya bi ta cikin kwata, ya huje. Muddin ruwa na gudu da ƙarfi, waje yake fesowa. Da an ɗauke ruwa sai bututun ya zuƙo abin da ke kewaye da shi, in an dawo da shi, na farkon da zai iso wa mutane ya zo musu da tsaraba. Na tuna yadda muke rububin tara bokiti da zarar famfo ya yi tari.

Har garin su Goggo na gani a cikin jerin. Ka tuna yadda haƙoran 'ya'yanta duk suka yi ruwan ƙasa, Goggo tana ta dirje musu baki tana yi musu faɗan ƙazanta? Ashe ba laifinsu ba ne. Malama ta ce wani sinadari ne da ke cikin duwatsun ƙasarsu yake narkewa a ruwan rijiyoyin, kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, in ya yi yawa sai ya rina shi tun yaro na ƙarami, kuma tafasawa ba ta fitar da shi. Wani garin kuma takin da ake zuba wa gonaki ne yake tsiyaya har cikin rijiya. Na tambaye ta to wane gari ne ya fi kowa ruwa mai kyau, in tattara Inna mu koma can. Ta ce tambayar ba ta da amsa, don a gari ɗaya, a layi ɗaya ma, gida biyu na jingine da juna sai a samu ruwansu ya bambanta, kuma sau da yawa ruwa yakan iso gida lafiya, a cikin gidan ne yake lalacewa. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta biyo ni har gida.

Da yamma na same ta na zayyana mata labarin Ƙaramin Yaya, na ce ta taimaka ta gwada namu. Ba wai ina zargin gidanmu ba ne, so nake in samu abin da zan nuna wa surukina ya ji kunya. Ta ɗibi na famfo, ta ɗibi na rijiyar tsakar gida. Za ta rufe jaka na ce ta tsaya, ai ba ta ɗibi wanda yaron yake sha ba. Na kai ta ɗakin Inna, na nuna mata tukunyar tace ruwan da ka kawo mana zuwanka na ƙarshe. Da ma ka ga yadda take, Yaya. Tana nan a kan teburinta a kusurwa, tukwanen ƙarfen nan biyu ɗaya kan ɗaya, Inna na goge bayansu har kana ganin fuskarka, ga rigar da na ɗinka mata mai leshi a baki. Ba kowa ke shan ruwanta ba. Mu 'yan gida famfo muke sha. Na tukunya na manyan baƙi ne, sai kuma takwaranka, wanda Inna ta ce ba zai sha wani ruwa a gidan nan ba sai na mai sunansa. Ta bari aka tara kwalbar a ɗan famfon tukunyar tana ta alfahari, tana gaya wa Malama ɗanta ne ya ɗauko mata tun daga nesa.

Da sakamako ya fito, Malama da kanta ta shigo ɗakin ɗinkina, ta jira mai karɓar kaya ta fita, sannan ta nuna mini hoton farantan a wayarta. Na famfo kusan fes, ɗigo ɗai-ɗai. Na rijiya da ɗan yawa, ta ce da alama ramin masan da maƙwabta suka haƙa jikin katangarmu ne ke tsatsafowa. Na tukunya kuwa babu inda farar takarda ta rage. Na ce ta dai duba, ko ta musanya kwalba. Ta ce a aljihun ƙarshe na jakar da na ɗinka da kaina ta sa ta, a gabana. Sai ta tambaye ni wane ruwa ake zuba wa tukunyar. Na ce na rijiya, don Inna ba ta son warin maganin da ke cikin na famfo, kuma a ganinta ko me aka zuba tukunyar za ta gyara shi. Ta tambaya ko ruwan na saurin sauka. Na ce da farko ɗis-ɗis yake yi, amma tuntuni ya koma zuba shaa, har Inna na cewa tukunyar ta saba da mu. Malama ta dafe kai. Ta ce farin dutsen nan mai siffar kyandir da ke cikin tukunyar sama shi ke tacewa, kuma in ruwa ya yi sauri haka to ya tsage. Sannan ta tambaye ni yaushe rabon da a kwance ta a wanke ciki.

Ba a taɓa ba, Yaya. Tun ranar da ka haɗa ta. Ba na jin ka tuna, amma ni ina tsaye a wurin. Ana gobe za ka tafi ka zauna a ɗakin Inna, ka zira dutsen, ka ɗaure notinsa ta ƙasa da hannunka, ka ɗora tukunyar sama a kan ta ƙasa. Inna ta tambaye ka yadda ake kula da ita, kai kuma hankalinka na kan haɗa kaya, ka ce kada ta wahalar da kanta, in ka zo baɗi za ka kwance ka wanke ka canja dutsen da kanka. Shekara ta zagayo, aiki ya riƙe ka. Wadda ta biyo baya Anti ta haihu. Daga nan maganar takardu, daga nan kaza. Ban ce laifinka ba ne, na san yadda zaman can yake. Amma a tsakanin nan an yi auren Shiru, an haifi yaron, ya yi wayo, tukunyar tana nan yadda ka bar ta. Na sha ce wa Inna ta kawo in ɗauraye cikin, baban yara ma ya taɓa yi mata maganar, amsarta ɗaya ce kullum, mai ita ya ce zai zo ya yi. Mu kuma da muka ga tana ƙyalli, ruwa na fita garau, sai muka bar ta da abarta.

Na yi kwanaki ina juya yadda zan gaya mata. A ƙarshe na shiga da hantsi tana tsintar wake, na zauna, na faɗa mata komai, har da cewa ba mura ce ta hana kawo yaron ba. Ta ce ta sani, ita ba yarinya ba ce. Na nuna mata hoton. Ta kawo shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta ce ita ba ta ga komai ba sai ɗige-ɗige, kuma ba ta yarda abin da ɗanta ya ɗauko tun daga can don lafiyarta shi zai cuci takwaransa ba. Na ce tukunyar ba ta yi laifi ba, wanki take so kamar kowace tukunya. Ta ce to a jira ka. Na tambaye ta sai yaushe. Ta ajiye tiren, ta juya fuska bango. A duk tambayoyina ban taɓa yi mata wadda ta yi mata zafi haka ba, na kuma ji tausayinta har cikin raina, amma ban janye ba. Ranar ba ta ci abincin kirki ba. Sai a lokacin na gane abin da ya daɗe a gabana ban lura ba. Muddin notin nan na ɗaure yadda ka bar shi, a wajenta kana kan hanya.

Ƙarshen makon Shiru ta zo ita kaɗai ta gaishe ta. Ka san ta, sai an ja ta take magana. Inna ta yi ta tambayarta yaron, me yake ci, ya ƙara nauyi, yana barci. Shiru ta ce ya murmure sarai, tun da ya daina zuwa ko sau ɗaya cikinsa bai ɓaci ba. Ta faɗa ne ba da wata manufa ba, amma na ga maganar ta shiga. Sai ta ƙara da cewa da ya ga ta ɗauki mayafi ɗazu, ya ruga ya kwaso takalmansa ya tsaya a bakin ƙofa yana kiran Inna, sai da ubansa ya ɗauke shi ya zagaya da shi sannan ta samu ta sulale. Bayan Shiru ta tafi Inna ta daɗe tana kallon tukunyar. Can ta kira ni ta ce in cire mata rigar in wanke, in kuma aika a kira mijin Shiru gobe, ya zo da kayan aikinsa. Na ce ai baban yara ma zai iya. Ta ce a'a, wanda ya hana ta yaron shi take so ya gani da idonsa.

Ya zo da safe, kai a sunkuye kamar shi ne mai laifin. Muka zauna a tsakar gida, ni da shi da Malama, Inna a kujerarta. Ya ɗaga tukunyar sama. Yaya, ba zan ɓoye maka ba, abin ba kyan gani. Cikin ta ƙasan duk yauƙi ne, baƙi-baƙi da kore-kore, ga wani wari irin na jiƙaƙƙen tsumma. Dutsen kuwa ya tsage tun daga gindi, har farce na shiga. Ni da son sani sai da na sa tsinke na lakato yauƙin ina tambayar Malama ko shi ne ke zama ɗigon, ta ce gidansu ne, a nan suke kwana suna tashi. Notinka ya ƙi motsi da hannu, ya ci wuri, sai da aka ɗauko sifana. Kafin ya murɗa, surukin nawa ya ɗago ya dubi Inna yana jiran izini, abin da ya ƙara masa daraja a idona. Ta gyaɗa kai. Da notin ya saki ta miƙa hannu aka ba ta, da shi da tsagaggen dutsen. Ta daɗe tana kallon cikin tukunyar, sannan ta ce ashe wannan take ɗura wa yaron da hannunta tana sa masa albarka. Hawaye ya zubo mata, ni ma ban iya riƙe nawa ba. Ta roƙi surukina ya yafe mata. Shi kuwa ya rasa inda zai sa kansa, sai cewa yake ba komai, ba komai.

Ita ta wanke tukwanen da kanta da ruwan zafi da sabulu, ba ta bari na taɓa ba, ta shanya su a rana. Malama ta kwatanta inda ake samun irin dutsen, surukina ya samo ya ɗaura. Ta koya mana yadda za a riƙa goge shi a kuma wanke ta ƙasan a kai a kai, ta ce a daina zuba na rijiya, rijiyar a bar ta ga wanki har a yi magana da maƙwabta. Ruwan ya koma ɗis-ɗis ɗinsa na da. Aka sake gwadawa, faranti ya fito fari tas, na sa ta turo mini hoton ina ta nuna wa masu kawo ɗinki har sun fara gajiya da ni. Wani abin dariya, da labari ya kai gidan surukai sai ga baban mijin Shiru ya aiko yana cewa shi ma duk zuwansa gaishe da Inna sai ya kwana yana zarya ban ɗaki, kunya ce ta hana shi faɗa. Ka ji abin da muka yi ta karrama manyan baƙinmu da shi. Har yanzu ina da sauran tambayoyi, kamar me ya sa ita Inna da takan kurɓa jefi-jefi bai kayar da ita ba. Malama ta ce cikin babba ya fi na yaro juriya, amma ba mamaki ciwon cikin da take ɗora wa tsufa daga nan yake.

Ƙarshen makon da ya wuce aka kawo Ƙaramin Yaya. Ubansa ne ya ɗauko shi da kansa. Tun daga ƙofa ya zille ya ruga ya faɗa jikin Inna har ya kusa kayar da kujerar. Da ya nemi ruwa ta ɗauko ɗan kofin ta tara. Ta tsaya ta dubi uban. Shi kuma ya karɓi kofin ya kurɓa, sannan ya miƙa wa ɗansa. Yaron ya wuni ya koma, ga mu har tsakiyar mako lafiyarsa ƙalau.

Tsohon dutsen da notin suna cikin akwatin Inna, ta naɗe su a ɗankwali. Ta hana ni ba ka labarin dalla-dalla, wai kada ranka ya ɓaci ka ga kamar kyautarka ta zama cuta. Saƙo ɗaya ta ce in ba ka, wai an wanke tukunya, saboda haka kada ka takura kanka da maganar zuwa, ka zauna ka yi aikinka. Ta faɗa tana gyara wa tukunyar riga, ba ta dube ni ba. Na isar da nata yadda ta ba ni. Nawa kuma daban ne. Ka zo, Yaya. Da tana da abin da take jiran ka da shi, ta ba da shi saboda takwaranka, yanzu ba ta da sauran abin riƙewa. Kujerar nan kuwa tana nan inda ake hango ƙofa, ko ranar da ta san ba za a kawo yaron ba.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, da Babban Mutum da ƙannensa, ka ce gwaggonsu tana son a aiko mata awonsu ta yi musu ɗinki. Baban yara yana gaishe ka, haka Auta, haka Shiru da mijinta. Malama ma ta ce a gaishe da mai ɗaure notin da sai da sifana. Ka tambayo mini yadda ake tace ruwan da kuke sha a can, da inda bututunsa yake bi, ina son in sani. Allah Ya tsare ku, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. In ka kira Inna kada ka nuna ka san sauran labarin. Ka dai faɗa mata watan da za ka zo, amma na gaskiya.

Ni ce ƙanwarka,
Sarkin Tambaya